Wata huɗu ina bin salo ɗaya a ƙwallon gwaninta ya ƙi zama: ƙafata ce ko zuciyata?

"Assalamu alaikum Koci. Shekarata 17, kusan shekara biyu ke nan ina wasan ƙwallon gwaninta, wato firistayil. Zagayen duniya guda ɗaya ya zauna mini, ina jera goma ƙwallo ba ta faɗi ba. Amma zagaye biyu a taɓi ɗaya ya gagare ni. Wata huɗu kullum bayan la'asar ina kansa, wata rana har sau 300. Sau biyu tak na taɓa samu, kuma ko a lokacin ban san yadda aka yi ba. Idan abokaina suka tsaya kallo, har wanda na iya ma ɓace mini yake yi. Ina ganin yaran da ba su kai ni ba suna yin sa a TikTok kamar shan ruwa. Baiwa ce ba ni da ita in haƙura, ko akwai yadda ake saita zuciya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Abin da ya fi tsaya mini a saƙonka shi ne inda ka ce sau biyu ka samu amma ba ka san yadda aka yi ba. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. In na fahimce ka, tambayar ita ce: mutum ya iya mai sauƙi, ya zo kan mai wuya abu ya cije, yana ta maimaitawa babu motsi, ga idon mutane yana rikita shi. Shin iyakarsa ke nan, ko yadda yake tunkarar abin ne ke neman gyara? Wanda ya jera zagayen duniya goma, kuma ƙafarsa ta taɓa kammala zagaye biyu har sau biyu, an wuce maganar rashin baiwa a kansa. Jikinka ya riga ya ba da shaida. Saura mu duba inda kake ajiye hankalinka, da lokacin da kake ajiye shi, da abin da kake ƙirgawa.

Saboda waɗanda ba su san wasan ba, zagayen duniya, wanda a bidiyo za a ga an rubuta ATW, shi ne ka ɗaga ƙwallo da saman ƙafa, ƙafar ta kewaye ta a iska, ta dawo ƙarƙashinta ta sake taɓa ta kafin ta kai ƙasa. Zagaye biyu ba tare da taɓi a tsakani ba shi ne LATW, wanda ya tsaya wa ɗan'uwanmu a wuya. Zagaye uku kuwa PATW ne, an sa masa sunan wani ɗan Suwidin da ake wa laƙabi da Palle, kamar yadda wani salon, TATW, ya ci sunan Soufiane Touzani, ɗan Holan mai asali daga Maroko. Ka ga wasan nan bai daɗe ba. A 2008 aka yi gasar duniya ta Red Bull Street Style ta farko, a Sawo Fawlo ta Burazil, inda Séan Garnier na Faransa ya lashe, kuma sai 2012 aka buɗe ɓangaren mata. Mutanen da salon ke ɗauke da sunayensu su ne suka share hanya. Da faɗuwar ƙwallo suka gano abin da yau kake kwaikwaya, kuma zagaye ukun da ya zama abin al'ajabi a zamaninsa yanzu 'yan gasa a tsakiyar jeri suke cusa shi.

Rabin sakan

Bari mu yi ɗan lissafi, domin shi ne tushen duk abin da zan faɗa maka. Ƙwallon da ta tashi santimita 30 daga inda ta bar ƙafarka, hawanta da saukowarta gaba ɗaya kusan rabin sakan ne. In ka ɗaga ta rabin mita, lokacin ya koma kusan sakan 0.64. Wato ka ƙara santimita 20 amma abin da ka samu bai kai kashi ɗaya cikin shida na sakan ba, kuma yanzu dole ƙafarka ta hau sama ta bi ta. Shi ya sa mai cewa "bari in ƙara mata tsawo" yake ƙara wa kansa aiki. A ɗaya ɓangaren, tsakanin ido ya ga abu da jiki ya amsa, ɗan Adam yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na sakan. Zagaye biyu cikin rabin sakan, kowane ɗaya ya sami rubu'i. To a ina tunani zai shiga? Kafin ka ce wa kanka "na makara, in ƙara sauri", ƙwallo ta riga ta wuce idon sawunka.

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan mata suna 'yar carafke ya ga wannan. Yarinya za ta cilla dutse sama, hannunta ya share na ƙasa ya dawo ya cafe, bakinta kuma yana ta hira da ƙawarta. Ba ta tsara komai dutse na sama. Hannun ya tafi da shirinsa tun kafin dutsen ya bar shi. Haka zagaye biyu yake. Daga taɓin farko zuwa na ƙarshe abu ɗaya ne dunƙulalle, ƙwaƙwalwa tana sakinsa ne gaba ɗaya. Saboda haka tunani yana da gurbi biyu kacal, kafin ka taɓa ƙwallo da bayan ta faɗi. Sau biyun nan da ka samu, ina kyautata zaton a lokacin da ka ɗan saki jiki ne, ka daina ba ƙafarka umarni a tsakiyar hanya. Shi ya sa ba ka san yadda aka yi ba. Babu wanda ya sani a cikin rabin sakan ɗin.

Masana koyon motsi sun daɗe da bayyana wannan. A 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka kasa koyon kowane aikin jiki mataki uku: na farko kana tunanin kowace gaɓa, kuskure ya yi yawa kuma kowane da kamarsa, na biyu kuskuren ya fara zama iri ɗaya, kana gane shi kana ragewa, na uku jiki ya karɓa, yana yi ko hankalinka na wani wuri. Zagayenka ɗaya yana mataki na uku. Zagaye biyu yana tsakanin na farko da na biyu. Wahalar da kake sha ita ce kana son tsallake na biyu da yawan maimaici, alhali mataki na biyu ba ya buɗewa sai ka san sunan kuskurenka.

Bango da gawayi

Akwai wani yaro da na horar, sa'anka ne, a filin wata firamare muke haɗuwa bayan an tashi. Shi ma zagaye biyun ne ya tsare shi. Yadda yake atisaye kuwa, ƙwallo ta faɗi, ya bi ta da gudu, ya ɗauko, ya sake, ko numfashi bai sauke ba. Can sai ka ji tsaki, can ya doka ta da bango. Ran nan na tsayar da shi na ce, wannan da ta faɗi yanzu, me ya kayar da ita? Ya ce, "Koci, kawai ta ƙi." Na ce ta baya fa? Ya ce ita ma ta ƙi. Gwaji ɗari biyu ya yi a yammacin nan, bai tafi gida da labarin ko ɗaya ba.

Na tsinci gawayi na ja layi uku a jikin bangon aji. Na farko na taɓin da ya karkace, wato ƙwallo ta tashi ta yi gaba ko gefe maimakon ta miƙe. Na biyu na ƙafar da ta bugi ƙwallo a cikin zagaye. Na uku na wanda ƙafa ta kewaye sau biyu lafiya amma ta iso a makare. Na ce masa duk faɗuwa, kada ka bi ƙwallo sai ka tsaya ka faɗi da baki wane layi ce, sannan ka je ka ja sanda a ƙarƙashinsa. Ranar farko abin ya ba shi haushi, don gwaji 50 kawai ya samu. Amma da muka tsaya gaban bangon magariba na kawo kai, shi da kansa ya ga layin farko ya ninka sauran biyun a haɗe. Wata da watanni yana zargin ƙafarsa da nauyi, yana ta neman sauri, ashe ƙwallon tun daga tashi take guje masa. Muka jingina waya a jikin bulo muka ɗauke shi daga gefe. A bidiyon sai ga shi yana jan kafaɗunsa baya tun kafin ya taɓa, ya danne numfashi, ya cije leɓe. Jikin da ya kwanta baya kuwa, gaba yake tura ƙwallo.

Mako biyu na hana shi zagaye biyu kwata-kwata. Aikinsa kawai ya yi taɓin, ƙafa ta kewaya sau ɗaya da irin saurin da zai yi na biyu, ya bar ƙwallo ta faɗi, mu duba ko ta sauka cikin da'irar da muka zana a ƙasa, faɗinta kamar faifai. Bayan nan muka koma zagaye ɗaya da rabi. A mako na shida ya samu, kuma ya faɗa mini abin da ya yi dabam tun kafin in tambaye shi.

Ka lura da abin da bangon ya canza a zuciyarsa. Da can ƙirgensa biyu ne, na samu ko ban samu ba, kuma da wannan ƙirgen kullum a faɗe yake komawa gida. Zuciyar da ake gaya wa ta faɗi sau 300 kowace yamma tsawon wata huɗu dole ta fara tsoron ƙwallo, tsoro kuwa a kafaɗa da cinya yake sauka, ya ɗaure su. Da ƙirge ya koma layi uku, sai ya zama akwai ranar da zai ce yau layin farko ya ragu. Kuma a gaskiya layi na uku albishir ne. Duk wanda yawancin faɗuwarsa ta koma "na kewaye amma na makara", yana bakin ƙofa.

Don haka 300 ɗin nan naka ka rage su. Abin da nake ba yarana shi ne goma-goma sau biyar ko shida, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani, bayan an ɗumama jiki sosai, kuma a farkon atisaye lokacin da ƙafa ke da ƙarfinta. Salon nan na sauri ne, gajiyayyiyar ƙafa ba ta da shi. Gwajinka na 250 wani motsi ne dabam da na 20, ya fi faɗi, ya fi nauyi, kuma shi ma ƙwaƙwalwa tana haddace shi. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san gyaran ayar da aka haddace da kuskure ya fi sabuwar hadda wuya. Kafin kowane gwaji ka zaɓi kalma ɗaya tak, kuma ta fi kyau ta shafi ƙwallo ba gaɓarka ba: "miƙe", ko "kusa". Gabriele Wulf da abokan aikinta, tun daga 1998, sun yi ta nuna cewa mai koyo ya fi ci gaba in hankalinsa na kan sakamakon motsi fiye da kan gaɓar da ke motsin. Faɗi kalmar, sauke numfashi, saki.

Idon mutane

Abin da ke samunka gaban abokai ba naka ba ne kai kaɗai, kuma an gwada shi a kan 'yan ƙwallo. A 2002 Sian Beilock da abokan bincikenta suka sa 'yan wasa jan ƙwallo tsakanin alamomi. Wani zubin a ce su kula da wane gefen ƙafa ne ya taɓa ƙwallo, wani zubin a ba su kalmomi su saurara yayin da suke ja. Ƙwararru, da ƙafarsu mai ƙarfi, sun fi sauri lokacin da hankalinsu ke kan kalmomin, sun kuma ragu da aka sa su lura da ƙafa. Sababbin shiga kuwa lura da ƙafar ta taimake su. Da abokanka suka tsaya, so kake kada ka ji kunya, sai ka koma gadin ƙafarka, ka mayar da zagayen da ya kai mataki na uku zuwa na farko. Abin da ka iya yana nan, kai ne ka tsaya masa a ka.

Maganinsa sabo ne, kuma a hankali ake shan sa. Fara da ƙaninka ko wani yaro guda ya zauna ya ƙirga maka. Sannan waya tana ɗauka, don ita ma ido ce. Sannan abokai biyu, kuma kai za ka kira su, ka ce ku zo ku gani ina koyon wani abu, zai faɗi da yawa. Wannan maganar kaɗai tana sauke rabin nauyin, domin ka daina kare sunan gwani. Yayin da kake yin abin da ka riga ka iya a gabansu, ba wa hankalinka wani aiki: ƙirga taɓi da ƙarfi, ko bi kiɗa, ko ka kafa ido a kan wani tabo a jikin ƙwallon. Kuma ka raba wuri biyu. Salon da bai nuna ba a bar shi a inda kake kai kaɗai, a gaban jama'a a yi wanda ya zauna.

Ka nemi cikakken bidiyon karawa a gasa ka kalla, ba yankakke ba. Tsarin da aka saba shi ne minti uku, mutum biyu, kowa sakan 30 yana miƙa wa ɗan'uwansa. Kalli manya irin su Erlend Fagerli na Nowe, wanda ya ci gasar duniya a Waso ta Folan a 2018, da waɗanda suke karawa da shi. A wannan matakin ma ƙwallo tana faɗuwa. Abin da nake so ka kalla shi ne sakan ɗin da ke bin faɗuwar: babu dafe kai, babu kallon alƙalai, ƙafa ce kawai ke kwaso ta da wani salon, wasa ya ci gaba. Wannan ma koyonsa ake yi. Ni ina sa yarana duk sanda ta faɗi a cikin jeri su ɗauko ta da ƙafa ba da hannu ba, har ya zame musu jiki.

Maganar yaran TikTok kuwa gajeriya ce. Sakan goma ka gani, ba a nuna maka sau nawa aka goge kafin a samu wannan ba. In za ka kalla, rage saurin bidiyon ka duba abu ɗaya, misali tsawon ƙwallon ko inda gwiwarsa take, ka rufe waya.

Abin da ke faruwa bayan ka bar fili

Akwai ci gaban da ba a fili yake zuwa ba. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Habad ta Amurka suka koya wa mutane danna maɓallai a jere da yatsu. Waɗanda suka yi barcin dare kafin a sake gwada su saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 ba tare da ƙarin atisaye ba, waɗanda suka shafe irin wannan lokacin a farke kuwa ba su sami haka ba. Yatsu ne aka gwada ba ƙafa ba, amma abin da nake gani a fili ya yi daidai da shi: sau da yawa salo yakan zo ne a gwaji goma na farko bayan hutun kwana ɗaya ko biyu. Kullum-kullum ɗin nan da kake yi, mayar da shi kwana huɗu a mako. Sauran ranakun ka yi salon zaune, ko salon kai da ƙeya, ko ka ba ƙafar hagu haƙƙinta, don ka riƙa tuna cewa kana jin daɗin wasan nan.

Da daddare kafin barci, minti biyar, rufe ido ka yi salon a zuci. Kada ka kalli kanka daga nesa kamar a bidiyo. Ka ji nauyin ƙwallon a saman ƙafarka, ka ji ƙafar tsayuwa ta ɗan yi tsalle, ka ji ƙarar taɓin ƙarshe, kuma da saurinsa na gaskiya. Wannan ba ya maye gurbin fili, amma yana riƙe maka zaren, musamman ranar hutu ko lokacin azumi da jiki ba ya ɗaukar dogon atisaye.

Sannan ka shirya wa wani abu da ke karya zuciyar mutane da yawa. Ranar da ka samu, washegari zai iya ɓacewa, har mako guda. Haka salo ke shigowa, ɗaya cikin ɗari, ɗaya cikin hamsin, ya ɓace, ya dawo ɗaya cikin ashirin. Ni sai yaro yana samun bakwai cikin goma, a ranaku uku mabambanta, nake barinsa ya saka shi a jeri.

Inda maganata ta tsaya

Daga saƙo nake ba ka amsa, ban ga ƙafarka ba. Mai yiwuwa akwai gyara a motsin kansa wanda saita zuciya ba zai taɓa ba, kamar zagayen da ke fitowa daga ƙugu ya yi faɗi da yawa, ko ƙwallon da aka cika wa iska tana tsalle kamar dutse. Yawancin masu wasan nan sukan ɗan rage mata iska. Kuma ba zan yi maka alkawarin ranar da zai zo ba. Na ga wanda ya samu a wata biyu, na ga wanda ya haura shekara, daga baya kuma na biyun ya fi na farkon tsaftar wasa. Jiki ma ba ɗaya ba ne. Wani saurin ƙafa aka ba shi, wani daidaiton ka da wuya. Harrison Chinedu a Legas, a 2016, tafiyar sama da kilomita 48 ya yi da ƙwallo a ka, Iya Traoré ɗan Gini kuma a Faris da hawa turken fitila da ƙwallo ya yi suna. Wasan yana da ƙofofi da yawa, ko da yake a naka lamarin ban ga dalilin barin wannan ƙofar ba.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa shi ne ciwo. Zagaye da yawa yana cin matsematsi, gwiwa da ƙwauri, balle a kan siminti. In kana jin zafin da ke ƙaruwa yayin wasa, ko wanda ke tashi da kai da safe, tsaya ka ga likita. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne, kuma ba fannina ba ne.

Gobe bayan la'asar ka tafi da gawayi ko alli. Layi uku, gwaji 50, kowace faɗuwa da sunanta kafin ka bi ƙwallo. Ka sa wani ya ɗauke ka daga gefe, wayar tana daidai gwiwa, da yanayin nan mai rage saurin bidiyo in wayar tana da shi. Bayan mako uku ka turo mini hoton bangon da bidiyon, mu ga wane layi ya fi tsawo.